Dandamalin Ƙofar Baba Uwaisu

A unguwar Biyafara da ke Treichville, in ka baro babban titi ka shiga layin da ake soya kifi, akwai wani gida da ba ya ɓace wa baƙo. Sauran gidajen layin duk ƙofar ƙarfe gare su, mai buɗewa zuwa tsakar gida cike da 'yan haya. Shi wannan ƙofarsa ta katako ce, koriya shar, da lamba goma sha huɗu a jikinta, alhali gidan da ke damansa ba shi da lamba, na hagunsa ma haka. An shafe bangon da jan fenti an ja masa fararen layuka, daga nesa sai ka rantse jan bulo ne. A jikin ƙofar akwai zoben tagulla na ƙwanƙwasawa, ƙasa da shi kuma wata 'yar taga mai murfi ta jefa wasiƙa, wadda ba a taɓa jefa ko takardar talla ta cikinta ba, tunda a Abidjan akwatin gidan waya mutum yake bi ya kwaso wasiƙunsa. A gindin ƙofar akwai dandamali na dutse guda, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, dandamalin nan fari tas yake wayar gari.

Mai gidan shi ne Baba Uwaisu, tsohon mahauci, ɗan asalin Nguru. Hausawan kasuwa suna ce masa Uwaisu na Ingila, sauran mutanen layi kuwa Papa Angile. Kullum in ya idar da sallar asuba, gari ya fara haske, sai ya fito da bokitin ruwa da buroshi da tsumma da dunƙulen farar ƙasa. Ya ninke buhu ya durƙusa a kai. Ya wanke dutsen, ya goge, tun da sauran danshi ya murza masa farar ƙasa, sannan ya ja layi guda mai kauri a gefe, miƙaƙƙe kamar an gwada da zare. In ya gama sai ya dafa ƙofa ya miƙe da kyar, ya tsallake ya koma ciki.

A 'yan shekarun nan miƙewar ce ta zama aiki. Gwiwoyinsa sun gaji, har salla a kan kujera yake yi. Matarsa Hajjo ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yansa maza biyu suna Kano da Bouaké, sai autarsa Zalihatu kaɗai ta rage a kusa, tana sarin atamfa a Adjamé, inda take zaune da mijinta Abdulra'uf a hawa na uku na wani dogon bene.

Ran wata Lahadi cikin damina ta zo masa da kwanon tuwo. Ta taka dandamalin da takalminta, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, ta bar masa sawun jar laka.

"Zalihatu, sau nawa zan gaya miki?"

"Yi haƙuri, Baba. Dutse ne fa, don a taka aka aje shi." Ta ajiye kwanon ta zauna. "Na gyara maka ɗaki. Abdulra'uf ya ce ƙarshen wata zai zo da mota a kwashe kayanka."

"Ki gode masa. Ki ce ina nan lafiya."

"Wace lafiya? Ka raba ɗakunanka da tsakar gida da katanga, ka kulle kanka kamar kuɗi a asusu. Wayar da na saya maka tana aljihun tebur. Ranar da ka faɗi a ciki, wa zai sani?"

"Dandamali zai faɗa."

Ta dube shi, ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba. "Baba, nan fa ba Ingila ba ce. Mutanen layin nan gani suke asiri kake yi. Wallahi ina ƙarama yara ba sa yarda su zo kusa da ƙofarmu, wai duk wanda ya taka farin nan ƙafarsa za ta shanye."

"Da haka ne da taki ta daɗe da shanyewa," in ji shi, ya jawo kwanon.

Ta yi dariyar, amma da za ta tafi ta sake cewa ƙarshen wata. Saura kwana ashirin.

Zalihatu ta san labarin Ingila, ta ji shi har ta haddace, sai dai ba duka ya ba ta ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya biyo shanu a jirgin ƙasa zuwa Legas, ya kama fawa a Apapa. Wani kukun jirgin ruwa ya ga yadda hannunsa yake bin gaɓa ba ya ɓata nama, ya ɗauke shi. A tafiyarsa ta uku sanyin teku ya kama masa haƙarƙari, aka sauke shi a asibiti a Liverpool, jirgi ya tashi ya bar shi. Da aka sallame shi, wani limamin Larabawan bakin tashar ya rubuta masa adireshi a takarda: gida mai lamba goma sha huɗu, a wani ɗan layi da ke gangarawa wajen ruwa, gidan wata tsohuwa Misis Doyil da ke ba ma'aikatan jirgi hayar ɗaki.

In Baba Uwaisu ya fara ba da labarin layin nan, hannunsa ma magana yake yi. Gidaje ne na jan bulo a jere, a manne da juna kamar haƙora, arba'in a dama arba'in a hagu, duk tsayi ɗaya. Rufinsu na baƙin dutse ne mai sheƙi in ruwa ya sauka. Kowane gida da bututun hayaƙinsa, da safe duk su tashi tare, sai ka ce gidajen hira suke yi. Tagogi ba a tura su waje, ɗaga su ake yi sama. Kwalaben madara suna jira a bakin ƙofa, ba mai taɓawa. A kusurwa akwai kantin da ake sayen burodi da gawayin kwal, da fitila mai dogon wuya wadda yara suke ɗaura wa igiya suna lilo. Ba ya ɓoye cewa ban-ɗaki a bayan gida yake, kuma ruwan buta kan daskare. Ba ya ɓoye cewa akwai masu tsallake titi in sun hango shi. Amma a gurguje yake wuce waɗannan, ya dawo kan ƙofofi.

Kowace safiya matan layin sukan fito su durƙusa, kowacce a gindin ƙofarta, su wanke dandamali su murza masa wani farin dutse mai taushi. Dutsen ba sayensa suke yi ba. Wani mutum ne mai keken doki yake bi yana kira, a ba shi tsummokara ya ba da dutse. Suna wanki suna gulma daga wannan ƙofa zuwa waccan. Wata rana bayan Misis Doyil ya riƙe, sai Uwaisu ya karɓi bokitin. Duk layin suka tsaya kallo, suna shewa, tunda ba su taɓa ganin namiji a durƙushe a wurin nan ba. Tsohuwar ta tsaya a kansa da sanda tana nuna masa inda ya bari.

A ranar ta gaya masa abin da ya riƙe har yau. Ta ce ba don ado kaɗai ake yi ba. Farin dandamali magana ce: mun tashi lafiya. In ƙarfe takwas ta yi naka bai yi fari ba, maƙwabciya za ta aje buroshinta ta zo ta ƙwanƙwasa. In ciwo ne a kira likita, in mutuwa ce a rufe maka ido, in rigimar miji ce a ɗora shayi. Sannan ta wanke maka naka tare da nata har ka tashi.

Shekara uku ya yi a gidan, yana aiki wajen wani mahauci. A ta ukun hukuma ta ce layin ya tsufa, za a rushe, a mai da mutane sababbin benaye masu tsawo. Ranar tashi Misis Doyil ta ɗauko wuƙar kicin ta kwance zoben ƙofa da murfin tagar wasiƙa da lambobin nan biyu, ta naɗe a tawul ta ba shi. Ta ce can sama ƙofar ba tata ba ce, ba za a bar ta ta huda ba. Ya raka ta hawa na goma sha ɗaya. Ɗakin akwai ɗumi, ga ruwan zafi a famfo, ga ban-ɗaki a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ƙasa, siminti ne shimfiɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba abin wankewa.

Ya koma aikin jirgi. Bayan shekara biyu suka sake tsayawa a Liverpool, ya sayi lemo ya hau benen. Wata mata ce daban ta buɗe masa. Daga bakin mai shara ya ji cewa tsohuwar ta rasu tun bara, kuma sai da ta kwana huɗu a ciki kafin a sani. Wannan ne bai taɓa gaya wa Zalihatu ba. Hajjo kaɗai ya gaya wa, sau ɗaya, tun suna amarci.

A Abidjan ya sauka daga jirgi bai koma ba. Ya tarar da 'yan'uwa mahauta a kasuwar Treichville, ya samu teburi, ya riƙa kai nama jiragen da ke tashar tunda yana jin Turancin kukunsu. Da Allah ya hore masa fili a Biyafara, ya gina ɗakunan haya a baya kamar kowa, amma nasa ɗaki biyun ya juya musu fuska zuwa titi. Wata uku ya yi yana neman dutse guda mai faɗi. Farin dutsen Ingila ba shi a nan, sai ya gwada farar ƙasar da mata suke sayarwa a kasuwa, ta yi. Ranar farko da Hajjo ta gan shi a durƙushe a titi, ta rufe baki da mayafi.

"Malam, namiji da suna Hajara? Kawo in yi, kada a ce ba ka da mata."

Ya ba ta. Ta yi kwana biyu, ya ce layinta ya karkace. Ta miƙa masa buroshinsa ta ce Allah ya ba da lada. Daga nan har ta bar duniya ba ta daina yi masa tsiya a kai ba.

Tun tafiyar Zalihatu ran Lahadin nan yake ƙirga kwanaki. Maganarta guda ce ta tsaya masa a rai, cewa ba mai karanta dandamalinsa. Ya duba ya ga gaskiya bai taɓa yi wa kowa bayani a layin ba. Tanti Afuwe, 'yar ƙabilar Bawule da ke sayar da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi daura da ƙofarsa, shekara talatin da ɗaya suna gaisawa cikin Faransanci da Julanci, amma hirarsu ba ta wuce tsadar mai da tsokana. Takan ce, "Papa Angile, Sarauniyar Ingila ce za ta zo yau?" Ya ce, "Ta ji warin kifinki ta fasa."

Ran Alhamis aka kwana ana ruwa. Da safe ya ɗauke, ya bar jar laka a fantsame ko'ina. Baba Uwaisu ya yi sallarsa, ya ɗauki bokiti ya fita ɗan filin bayan ɗakinsa inda famfo yake. Gansakuka ta yi kore a simintin. Bai san yadda aka yi ba, sai ya ji ƙasa ta bugi ƙugunsa, bokiti ya yi nasa wuri.

Ya yunƙura, wani zafi ya soke shi har ƙeya. Ya sake yunƙurawa ya haƙura. Ya yi kira, amma a bayan katanga mai injin niƙa ya riga ya tayar, ga rediyo, ga hon ɗin motoci daga babban titi. Muryar tsoho ba ta ƙetare ko'ina. Waya tana aljihun tebur, ƙofar titi da sakata.

Ya kwanta yana kallon sama, ruwan simintin yana ratsa rigarsa. Ya yi salati, ya karanta abin da ya sawwaƙa. Rana ta hau katanga ta fara saukowa kaɗan kaɗan. Ya tuna da tsohuwar nan a hawa na goma sha ɗaya, ya ga ashe ba sai mutum ya hau bene ake mantawa da shi ba. Zalihatu ba za ta zo ba sai Lahadi. Ya ƙirga: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Huɗu. Ya rufe ido ya ce a ransa, yarinyar nan ta fi ni gaskiya, shekara arba'in ina magana da bango.

Can sai ya ji zoben tagulla ya bugi katako, sau uku. Aka jira. Aka sake bugawa da ƙarfi. Sannan ya ji ƙarar da bai taɓa ji ba a gidan nan, murfin tagar wasiƙa ya ɗaga, wata murya ta shigo ta ciki, ta ratsa ɗaki biyu ta iske shi.

"Papa Angile. Dutsenka ja ne. Kana ina?"

Ya tattara abin da ya rage masa na murya. "Ina baya. Na faɗi."

"Yana magana," ya ji ta gaya wa wasu. "Sadi, ɗauko guduma."

"Kada ku fasa mini ƙofa."

"Ji tsohon nan. Yana ƙasa yana ba da oda."

Ba a fasa ba. Sadi tela, ɗaya daga cikin 'yan hayarsa, ya kafa tsani ta tsakar gida ya hauro katanga ya zare sakata. Kafin ka ce me, ɗakin ya cika: mai burodi, matar mai injin niƙa, wani direban tasi da ya bar motarsa a kunne. Tanti Afuwe ta kwance zanenta na sama ta lulluɓe shi, hannunta duk warin kifi.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi bai karye ba, buguwa ce, amma durƙuso ya ƙare masa. Zalihatu ta iso daga Adjamé ko shagonta ba ta rufe ba. Ta tsaya a kansa idonta ja.

"Ka gani ko, Baba?"

"Na gani. Ke fa, kin gani?"

Ta juya wajen Tanti Afuwe da ke zaune a benci tana fifita da kwali, ta yi mata godiya, ta tambaye ta yadda aka yi ta sani.

"Yo ni da dutsen nan nake ɗora mai," in ji Tanti Afuwe. "In ya yi fari, shida da rabi ta yi. Yau na soya kasko biyu ina duba, ja. Mai burodi ma ya tsaya ya ce Papa bai fito ba. Da farko ni ma na ɗauka magani ne, na hana 'ya'yana zuwa wurin. Mamanki ce ta gaya mini. Lokacin da ciwonta ya yi nauyi ta aika aka kira ni, ta ce Afuwe, haukan nan na mijina ba hauka ba ne. Ranar da kika ga ƙarfe takwas bai yi fari ba, ki bar kifinki ya ƙone ki je ki buga. Ta ce kada in gaya masa, kansa zai kumbura." Ta gyara zama. "Ban ma jira takwas ɗin ba. Kifin dai ya ƙone, a rubuta."

Baba Uwaisu ya juya fuskarsa wajen bango. Ya daɗe a haka.

Duk da haka Adjamé aka wuce da shi jinya, Abdulra'uf da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kujera har hawa na uku. Bai yi gardama ba. Jikoki suna yi masa surutu da Faransanci, abinci a kan lokaci, ɗaki ba laifi. Da safe yakan sa a kai shi bakin taga, ya kalli rufin motocin tasha da kawunan mutane masu ɗauke da kaya, ba ya gane fuskar kowa. Ran nan Zalihatu ta kawo masa koko, ta same shi yana kallon simintin bakin ƙofa. Ya ce ta zauna. Ya ba ta ƙarshen labarin Misis Doyil, wanda bai taɓa ba ta ba, har kwana huɗun. Ta saurara, kokon ya huce a hannunta.

Ƙarshen wata ya zo, Abdulra'uf ya kawo mota, amma ba kaya aka kwaso ba, tsohon aka mayar. Zalihatu ta kafa sharuɗɗanta: a fasa ƙofa a katangar baya, mabuɗi ɗaya ya zauna wajen Tanti Afuwe, waya kuma a rataye a wuyansa kamar laya. Ya yarda da biyu, na ukun ya ce zai duba.

Da motar ta tsaya a layin, ya leƙo ya ga dandamalinsa. An wanke shi tas, amma an bi shi da ɗige-ɗige da zane-zane na farar ƙasa, irin wanda matan Bawule suke yi a jiki ranar biki.

"Afuwe, mene ne wannan?"

"Kwana goma sha shida ina yi maka aiki, abin da za ka ce ke nan? Naka ba shi da ado ne. Turawanka ba su iya ba."

Aka yi dariya. Shi kuwa tunani ya tafi da shi, don ya hango wata matsala. In Afuwe ce za ta riƙa yi kullum, dutsen zai yi fari ko yana raye ko ba ya raye. Ya kwana biyu yana juya abin, sannan suka raba aikin. Wanki nata ne, in ta fito ɗebo ruwan kifi sai ta watsa ta goge. Layin gefe kuwa ba mai ja sai shi. Sadi ya ɗaure masa dunƙulen farar ƙasa a bakin tsohuwar sandar lema, yana zaune a kujera daga cikin ƙofa yake miƙa hannu ya ja. Layin yanzu a karkace yake fita, ya fi na Hajjo karkacewa nesa ba kusa ba, ya kuma san da tana nan da ba ta bar shi ya sha ruwa ba.

Lahadin da ta biyo baya Zalihatu ta zo da kwanon tuwo. Yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa a cinya, farin bai gama bushewa ba. Ta tsaya ta dubi layin, ta ce, "Baba, ya karkace." Sannan ta tattare zanenta da hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafa ta tsallake.